Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun sakandare: ku riƙa faɗa mana halin da 'ya'yanmu ke ciki

Zuwa ga shugabannin makarantun sakandare na gwamnati a jihohin Arewa, musamman masu riƙe da makarantun kwana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da malaman da ke ƙarƙashinku. Ni uwa ce. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ina kuma riƙon ɗan ƙanena da ke ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Na koyar a firamare har na yi ritaya, don haka na san aji, na san ƙurar alli, na san albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Ban zo muku da maganar rufin da ke yoyo ko kujerun da babu ba, wannan ta gwamna ce da kwamishina. Abin da ya kawo ni yana hannunku, kuma bai cin wani kuɗin a zo a gani. Labarin 'ya'yanmu muke so mu riƙa ji daga bakinku, da wuri, da harshen da muke fahimta.

Ranar komawa hutu mukan kai yarinya bakin get da akwati da bokiti da katifa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari a leda. Malama ta bincike kaya, ta sa hannu, a ce mana a sauka lafiya. Daga nan shiru sai ranar ziyara. An hana ɗalibai riƙe waya, kuma ina bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Sai dai da aka hana su, ba a tanadi wata hanya a madadinta ba, yaran suka nemo tasu: wayar mai gadi, ko ta baba mai dafa abinci, a biya a kira. Duk mai ɗa a makarantar kwana ya san kiran nan. Baƙuwar lamba ce, bayan isha'i, murya ƙasa-ƙasa: "Umma ni ce, ki kira ni yanzu." Cikin minti biyu za ta zazzage miki cewa sabulu ya ƙare, an ɗauke mata bokiti, wance ta faɗi a asambuli an kai ta asibiti, sai ki ji ɗif. Iyakar rahoton da muke samu ke nan, daga bakin 'yar shekara 15 da ke waige-waige kada a kama ta. Ita kuwa makaranta da kanta, sau biyu take neman uba: in ana son kuɗi, ko in ɗansa ya yi laifin da za a kore shi.

Bari in fara da lafiya, don ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A zafin bara na je ziyara na tarar da 'yata ta rame, leɓenta duk ya tsage, siket na juyawa a ƙugunta. Ashe zazzaɓi ya kwantar da ita kwanaki a ɗakin shan magani, har an yi mata ƙarin ruwa. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira babanta. Yarinyar nan akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, tun tana ƙarama in ta sha shi sai fuska ta kumbura, fata ta yi ruɗu-ruɗu. Allah ya tsare ba shi aka ba ta ba, amma sa'a ce kawai, don ba a taɓa tambayata ba, ba kuma a rubuce yake a ko'ina ba. Da na sami malamar da ke kula da ɗakunan kwana, mace mai kirki da fara'a, sai ta ce, "Hajiya, ai ba mu so mu tayar miki da hankali ne." Na yarda har zuciyarta ta faɗa. Amma ranku ya daɗe, tashin hankalin nan haƙƙina ne. Ni zan san ko in zo, ko in aiko ƙanena, ko in ce a ci gaba da magani Allah ya ba da sauƙi. Bai kamata a yanke mini wannan shawara a bayan idona ba.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma yaran nan suna cikin ɗakunan kwananku, tare da masu asma da masu farfaɗiya. Mai sikila in ciwo ya taso masa cikin sanyin hunturu, uwarsa ta san abin da ke sassauta masa fiye da duk wanda ke makarantar. Ga sanƙarau, wanda kan zo da rani, ya fi son wurin da aka cunkushe mutane babu iska, kuma yana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Mun ga ɓarnar da ya yi a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, mun ga mashaƙo a Kano a 2023. A shekarar 2017 ɗin dai, a Queen's College da ke Legas, makarantar gwamnatin tarayya mai suna da tarihi, ɗalibai uku suka rasu bayan ɓarkewar amai da gudawa da aka danganta da gurɓataccen ruwa, kuma babban kukan iyaye shi ne ba a faɗa musu gaskiya da wuri ba. Roƙona a nan ɗaya ne: duk yaron da ya kwana a ɗakin shan magani, ko aka fita da shi asibiti, a sanar da gida a ranar. In cuta mai yaɗuwa ta ɓulla, a faɗa wa iyaye duka, a faɗi matakin da aka ɗauka. Sunan makaranta ba ya ɓaci don yara sun yi ciwo. Ɓoyewar ce ke ɓata shi.

Sai tsaro. Ba sai na tuna muku abin da muka gani ba, wasunku a kansu ya faru. Wani ɓangare nasa kawai nake so mu duba, wato abin da iyaye suka ji a kwanakin farko. Da aka kwashe 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, kakakin rundunar tsaro ya sanar cewa an kuɓutar da su duka in ban da 8. Shugabar makarantar ce, abokiyar aikinku, ta fito ta ce ba haka ba ne, har aka janye sanarwar. Adadin da aka tabbatar daga baya 276 ne. A Dapchi, Fabrairun 2018, gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu daga cikin yaran, iyaye suka yi ta murna, washegari aka janye magana aka ba da haƙuri. Iyayen ne da kansu suka zauna suna haɗa jerin sunayen 'ya'yansu da ba a gani ba, kafin hukuma ta tsaya a kan 110. A Jangebe, 2021, an ce 317, da aka sako su aka ce 279 ne. A Kuriga, 2024, an ce 287, aka dawo aka ce 137.

Ba firinsifal ne zai tare ɗan bindiga ba, kowa ya san wannan. Amma sanin wa da wa suka kwana a makaranta daren jiya aikinsa ne, ba na soja ba. A kira suna kowane dare a kowane ɗaki, a rubuta. A riƙe rajista mai sunan yaro, ajinsa, ɗakinsa, lambar waya biyu ta gida, da sunan unguwa ko ƙauye da mai unguwarsu. A ajiye kwafi ɗaya a wajen makaranta, a ofishin shiyya ko hannun shugaban PTA, don ofis na iya ƙonewa. Na ambaci mai unguwa ne da gangan. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, makonni ana cikin duhu. A irin wannan hali sai an koma wa dagaci da direban motar kasuwa da sanarwar masallacin Juma'a.

Haka in an ba da umarnin rufe makarantu ba shiri, kamar yadda jihohi da dama suka yi bayan Jangebe. Uba ya ji a rediyo da safe, ya ɗauki hanya, ya iske an sallami yara tun ɗazu, 'yarsa tana wata tasha da akwati a kai. Kada a saki yarinya a hanya sai an san wanda zai karɓe ta. Ita ma jita-jita haka. Wani ya turo murya a WhatsApp cewa an shiga makarantar su wance, kafin azahar iyaye sun cika titi a kan babura, wasu da hawan jini. Saƙo ɗaya daga lambar da muka sani ta makaranta ce, mai cewa yara na aji lafiya ƙalau, ya isa ya zaunar da kowa.

Yanzu karatu, wanda don shi muka rabu da su. Takardar sakamakon ƙarshen zango tana zuwa da layuka da lambobi, da matsayin da yaro ya zo, sannan jimla guda ta Turanci a ƙasa, wadda aka rubuta wa rabin ajin iri ɗaya, wai ya ƙara ƙoƙari. Uba ya duba abu ɗaya: na nawa ya zo? In an ce na 12 cikin 80 sai ya yi hamdala ya sayi tsire. Ɗan ƙanena ya taɓa kawo mini irin wannan matsayi. Tsohuwar malama ba ta rabuwa da hali, sai na buɗe littafinsa na Turanci na ce karanta mini nan. Ya ɗora yatsa a layin farko, ya haɗa kalma uku da ƙyar, ya tsaya yana kallon ƙasa. Matsayin gaskiya ne, don waɗanda ke bayansa sun fi shi rauni. Amma bai faɗa mini abin da nake bukatar sani ba: yaron bai iya karatu ba, ga shi saura kaɗan ya zauna jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Malaminsa ya san haka tun makon farko. Da an rubuta mini da Hausa, "Har yanzu bai iya karanta Turanci ba, a taimaka masa a gida," da na sami wata uku na aiki a kansa.

Akwai abubuwan da ku kuka ɗauka kowa ya sani, alhali iyaye da yawa ba su sani ba sai lokaci ya ƙure. Ba kowa ya san cewa shiga jami'a na bukatar kiredit 5 ciki har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, ba, ko cewa a WAEC da NECO kiredit daga A1 zuwa C6 ne, D7 da E8 ba sa kai yaro ko'ina duk da ba faɗuwa ake kiransu ba. Ba kowa ya san cewa raba yara kimiyya da fasaha da kasuwanci a aji ɗaya na babbar sakandare shi ke yanke abin da za su iya karantawa gaba ba. Yarinya na gida tana cewa nas za ta zama, uwa na ta sa albarka, ashe an tura ta ajin da ba a yin Fiziks da Kemistiri, makarantar koyon jinya kuwa sai da su. A Kano akwai jarrabawar kwalifayin da ake yi a aji biyu, wadda da ita gwamnati ke tantance waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Uban da ɗansa ke tangal-tangal ya kamata ya ji tun farkon shekara, ko dai a dage da karatu, ko ya fara tara kuɗi, ba sai an kafe suna ya shiga neman bashi ba.

Ga kuma maganar suna, ƙaramar magana mai sa kuka. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Mu kuwa yarinya ɗaya A'isha ce a takardar haihuwa, Aishatu a firamare, a NIN an sa sunan kaka, a makaranta an sa sunan gari. Ranar haihuwa ma kowa da tasa. Kafin ku tura sunaye WAEC ko NECO, ku aiko mana da yadda kuka rubuta, mu gwada da na NIN mu sa hannu. Gyara kafin turawa biro ne kawai. Bayan turawa kuwa sai rantsuwar kotu da kuɗi da zirga-zirga, wani lokaci har asarar shekara.

Akwai wadda na san za ta yi muku nauyi. In makaranta ba ta da malamin wani darasi zango guda cur, ku faɗa mana. Abin da ke faruwa shi ne yara su ce ba a shigo musu ba, amma takardar sakamako ta zo da maki a gurbin darasin. Na san ku ma'aikatan gwamnati ne, kuna tsoron a ce kun tona asirin ma'aikata. Faɗa wa iyaye a taron PTA ba hira da 'yan jarida ba ce. In mun sani, muna iya haɗa kuɗi a ɗauko malamin wucin gadi, ko mu nemi mai koya musu da hutu, ko mu tafi ma'aikatar da bakinmu, wanda ya fi naku 'yanci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai gyaran takardar WAEC bai san an yi wa kowa alfarma ba.

Makarantun jeka-ka-dawo nasu ciwon daban. Yaro ya fita da yunifom da safe, ya cire a lungu ya cusa a jaka, ya wuce gidan gem ko ya bi ɗan Adaidaita, ƙarfe biyu ya dawo yana cewa wash ya gaji. Ana kiran suna a aji kullum, alamar fashi na taruwa a rajista, gida bai sani ba. In yaro ya yi kwana uku a jere ba a gan shi ba, wani ya ɗaga waya. A kwanakin nan ne ake koyon sholisho da ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wanda ya zauna a unguwa ya san ba a rasa abin sha ba.

Cin zalin siniyoyi kuma mun daɗe muna kiransa horo. Ɗibar ruwa da wanki wani abu ne, duka da waya har jini da ƙwace abinci wani abu ne daban. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wanda yarinya ko yaro ba zai iya faɗa wa namiji a ofis ba. Kowace makaranta ta ware malama ko malami da yara suka amince da shi, a faɗa mana sunansa mu ma. In abu ya faru, iyayen yaron su ji a sirrance, a ranar, kada a kashe maganar a ofis da sunan rufin asiri. Sirrin nan kuwa a riƙe shi ta kowane gefe: zauren WhatsApp na iyaye ba wurin kafe sunan wanda ya faɗi ba ne, ko wanda bai biya kuɗi ba, ko hoton yaron da aka kama da laifi.

Za ku ce aji ɗaya yara 80 ne ko 100, malami da wane katin zai kira? Gaskiya ne, kuma ba na cewa a kira kowa. Mara lafiya, da wanda ya daina zuwa, da wanda karatunsa ko halinsa ya canza farat ɗaya, su ke nan, kuma a mako ba su da yawa. Daga kuɗin PTA da muke biya a sayi ƙaramar waya guda ta makaranta da katinta, malamin da ke kan aiki a makon ya riƙe, a rubuta lambar a bangon get da kan takardar sakamako. Sanarwar kowa da kowa a yi ta da murya, da Hausa, ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci gwargwadon wurin, don uwa da yawa ba ta karanta boko amma tana sauraron saƙo. Ku karɓi lambar uwa, ba ta uba kaɗai ba. Uba na iya kasancewa a kan hanyar Fatakwal da tirela, ko yana ci-rani a Legas. Uwa ce ta san yaushe 'yarta ta fara al'ada, wane abinci ke ɓata mata ciki, me ke sa ta yin shiru.

Za ku kuma ce iyaye ma ba kanwar lasa ba ne. Na yarda, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai uban da ba ya zuwa taro, akwai uwar da ke zuwa da zagi don an taɓa ɗanta, akwai masu canza layi ba su faɗa ba. Akwai abin da mu ma ya wajaba mu sanar da ku ba mu yi: an yi rasuwa a gida, aure ya mutu, an sa wa yarinya rana. Malami na ganin yaro ya koma zugum bai san dalili ba, sai ya ɗauka iskanci ne. Amma ku duba yadda taron PTA yake. A jera manya a babban tebur, a buɗe da dogon Turanci, a karanta kuɗin da za a ƙara, a yi addu'a a tashi, mata na can baya ba wadda ta ce uffan. Wanda ya rufe shagonsa ya zo sau ɗaya ba zai sake ba. Ranar ziyara kuwa, ranar da iyaye ke cika makaranta ba tare da an roƙe su ba, ita ce ranar da ba ka ganin malami ko ɗaya. Da kowane malamin aji zai ɗauki rajistarsa da kujera ya zauna ƙarƙashin darbejiya awa biyu, mai son jin labarin ɗansa ya zo ya ji, da ya fi taro goma amfani.

Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kare ɗalibai daga cin zarafi a makarantu tun 2021, kuna da kwamitocin SBMC na al'umma masu taya gudanar da makaranta, kuna da ƙungiyarku ta ANCOPSS inda kuke haɗuwa. Ina roƙon ku kai maganar nan can, ku fitar da takarda guda mai shafi ɗaya da Hausa, wadda kowane mai kawo yaro zai cike ranar komawa: lambobin waya, unguwa, ciwon da yaro ke da shi, maganin da ba ya sha, wanda aka yarda ya ɗauke shi, da sunansa yadda yake a NIN. Iyayen da ba su iya rubutu ba kada su dame ku. Mu tsofaffin malamai muna nan zaune a gida, ku sa mana tebur da benci a bakin get, za mu cike musu.

Allah ya taya ku riƙo, ya tsare mana yaran baki ɗaya.

Wassalam.

Taku,
Uwar ɗaliba, tsohuwar malamar firamare.